Daga Gonar Rake zuwa Gidan Mai

A gidajen mai na Barazil farashi biyu ne ke kan allo, na fetur da na itanol, kuma direba ba ya cewa a zuba masa sai ya yi ɗan lissafi. Yana auna kuɗin litar itanol da na litar fetur. In itanol bai kai kashi 70 cikin ɗari na kuɗin fetur ba, shi zai sha. In ya haura haka, sai ya koma fetur. Dalili kuwa litar itanol ba ta kai mota inda litar fetur ke kai ta, kimanin bakwai cikin goma na tafiyar take yi. Miliyoyin direbobi suna wannan lissafi kowane mako, kuma abin da suka yanke shi ke gaya wa masu masana'antun rake ko ruwan raken bana sukari za a yi da shi ko mai. Barazil ce ta fi kowace ƙasa fitar da sukari zuwa kasuwar duniya, kuma mafi yawan ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas daga can jiragen ruwa ke ɗauko shi. Ke nan farashin fetur a Sao Paulo yana da hannu a kuɗin da mai shayi ke biya in ya je sarin sukari a Kano.

Wannan alaƙa ba da ita aka halicci kasuwa ba. Gwamnatoci ne suka ƙulla ta a hankali cikin shekaru fiye da casa'in, kuma kusan kowane mataki an ɗauke shi ne don a tsere wa wata matsala ta lokacin, ba tare da an hango inda zai kai ba.

Farkon abin ma ba don mota aka yi shi ba, don ceton masu rake ne. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 1929 sukari ya yi kwantai, sai gwamnatin Getulio Vargas ta fitar da doka a 1931 cewa duk fetur ɗin da aka shigo da shi ƙasar a gauraya shi da kashi 5 cikin ɗari na itanol. A 1933 ta kafa hukumar kula da sukari da itanol, wadda ke yanka wa kowace masana'anta yawan abin da za ta yi da farashin da za ta sayar. Shekara arba'in haka aka tafi: in sukari ya yi yawa, a juya rarar zuwa tankin mota.

Sai ga 1973. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Oktoba, gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Barazil a lokacin tana shigo da kusan kashi 80 cikin ɗari na man da take sha, don haka kuɗin ƙasar waje ya riƙa zurarewa. Ana cikin wannan, sukari ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, ya kai kimanin santi 65 a kan laba a Nuwamban 1974, sannan kafin shekara ta zagayo ya faɗo ƙasa da santi 20. Masu masana'antu sun riga sun ci bashi sun faɗaɗa injinansu da tsammanin kasuwa za ta ɗore. Gwamnatin soja tana neman abin da zai maye gurbin fetur, su kuma suna neman mai sayen rake. Shugaban ƙasa Janar Ernesto Geisel, wanda kafin nan shi ne shugaban kamfanin mai na Petrobras, ya sa hannu a kan shirin itanol na ƙasa, Proálcool, ran 14 ga Nuwamba, 1975. Gwamnati ta ba da rance mai sauƙin ruwa don a gina matatun itanol a jikin masana'antun sukari, ta kuma ɗora wa Petrobras sayen abin da aka tace da rarraba shi.

A shekarun farko gauraye kawai ake yi. Juyin juya halin Iran na 1979 da tashin mai karo na biyu su suka sa aka zarce zuwa motar da ba ta shan komai sai itanol. Injiniyoyin cibiyar binciken sojan sama da ke Sao Jose dos Campos, ƙarƙashin Urbano Ernesto Stumpf, sun riga sun nuna injin zai iya. A Yulin 1979 kamfanin Fiat ya fito da ƙaramar motarsa mai lamba 147, wadda jama'a suka yi wa laƙabi da sunan barasar rake ta ƙasar saboda warin hayaƙinta. Motocin farko suna da wahalar tashi da sanyin safiya, har sai da aka ƙara musu ɗan ƙaramin tankin fetur na tayar da inji. Duk da haka mutane suka saya, domin gwamnati ta yi alkawarin litar itanol ba za ta wuce kashi 65 cikin ɗari na kuɗin fetur ba, ta rage harajin motocin, ta kuma hana sayar da fetur a ƙarshen mako. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, kimanin tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar a ƙasar mai shan itanol ce zalla.

Akwai mutanen da ba a cika ambatonsu ba in ana yabon wannan shiri, kuma bai kamata a tsallake su ba. A lokacin, raken nan da hannu ake sare shi. Ana cinna wa gona wuta da dare don ganye ya ƙone, da asuba a kwaso lebura a bayan manyan motoci, da yawansu 'yan ci-rani daga arewa maso gabashin ƙasar, su wuni suna sara da adda ana biyansu gwargwadon nauyin abin da suka sare. A watan Mayun 1984 masu saran rake a garin Guariba na jihar Sao Paulo suka yi yajin aiki bayan an ƙara musu yawan layukan da kowa zai sare, aka yi arangama da 'yan sanda har da asarar rai. Arhar man da direban birni ya more, wani sashe nata daga gumin waɗannan mutane ya fito. Sai a 2007 masana'antun Sao Paulo suka sa hannu a yarjejeniyar daina ƙona rake, injina suka karɓi yawancin aikin.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya fi tsada. A 1986 farashin ɗanyen mai ya rushe, ganga ta sauko har kusa da dala 10. Gwamnatin farar hula da ta gaji sojoji tana fama da bashi da hauhawar farashi, ba ta da ƙarfin ci gaba da tallafi, sai ta danne kuɗin da ake biyan masu tace itanol. A daidai lokacin sukari ya fara farfaɗowa a kasuwar duniya. Masu masana'antu suka yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi, suka karkata rake zuwa sukari. A ƙarshen 1989 da farkon 1990 famfunan itanol suka bushe. Mutanen da suka amince da alkawarin gwamnati suka sayi mota suka tsinci kansu a dogayen layuka da motar da ba ta iya shan fetur ko da an ba su kyauta. Ƙasar da ke alfahari da man gonarta sai da ta shigo da metanol daga waje don cike giɓi. A 1990 shugaba Fernando Collor ya rushe hukumar sukari da itanol. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: kafin ƙarshen shekarun 1990 motocin itanol ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na sababbin motocin da ake sayarwa ba. Abin da ya riƙe masana'antar da rai shi ne dokar 1993 da ta wajabta gauraya kashi 22 cikin ɗari a duk fetur.

Matsalar a fili take. Mai masana'anta yana da zaɓi tsakanin sukari da mai, direba kuwa ba shi da shi. Ranar da aka ba direba nasa zaɓin, kasuwar ta zama wata aba daban.

A watan Maris na 2003 kamfanin Volkswagen ya fito da Gol Total Flex, mota mai cin mai biyu. Ana iya zuba mata fetur, ko itanol, ko a haɗa su yadda aka ga dama a tanki ɗaya. Dabarar ba mai tsada ba ce. Akwai na'ura a bakin salansa da ke auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi, kwamfutar motar kuma daga nan take gane irin man da ke ƙonewa ta daidaita yawan da za ta fesa wa inji. Tunda ba a buƙatar ƙarin na'ura mai tsada a cikin tanki, kuɗin motar bai bambanta da na sauran ba sosai. Cikin shekara uku irin waɗannan motoci suka zama mafi rinjaye a kasuwa, kafin 2010 kuma kusan tara cikin goma na sababbin motoci su ne. A 2008 itanol da aka sha a ƙasar ya zarce fetur. A 2009 Honda ya fito da babur mai cin mai biyu, CG 150 Titan Mix, na farko a duniya.

A nan ya kamata a tsaya a duba yadda abin ke aiki, domin shi ne zuciyar maganar. Kafin 2003, in fetur ya yi tsada, mai motar fetur sai dai ya rage tafiya. Bayan 2003, in fetur ya yi tsada, washegari ya koma famfon itanol. Masu neman itanol suka yi yawa, kuɗinsa ya tashi har ya kusanci wancan kashi 70, ya tsaya nan domin in ya wuce direbobi za su gudu. Ke nan fetur ne ke yi wa itanol rufi. Shi kuma mai masana'anta, a kowace kaka yana kwatanta abin da tan ɗaya na rake zai ba shi in ya yi sukari da in ya yi itanol. Ba zai iya juyawa gaba ɗaya ba, injinansa suna da iyaka, amma a faɗin yankin tsakiya da kudancin ƙasar rabon da ake ba sukari yana yawo tsakanin kusan kashi 35 da kashi 50 cikin ɗari na rake, kuma wannan tazara miliyoyin tan ce na sukari. In sukari ya faɗi ƙasa da abin da itanol ke biya, sai a janye rake daga gare shi, ya yi ƙaranci, ya farfaɗo. Ke nan itanol ne ke yi wa sukari daɓe. Dillalan sukari a kasuwar Niyok yau suna bin sanarwar farashin Petrobras da darajar kuɗin Barazil kamar yadda suke bin labarin damina.

Amurka ta bi wata hanya daban, kuma a ganina bambancin ya fi kamannin muhimmanci. A can masara ce. Tun 1978 aka fara yi wa itanol rangwamen haraji, amma dokar makamashi ta 2005 ce ta wajabta wa kamfanonin mai gauraya galan biliyan 7.5 a shekara kafin 2012. A Disambar 2007 shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata dokar da ta ɗaga adadin zuwa galan biliyan 36 kafin 2022, biliyan 15 daga ciki na masara. Matatu suka yi ta tsirowa a Iowa da Nebraska da Illinois. Cikin 'yan shekaru kusan kashi 40 cikin ɗari na masarar ƙasar matatun itanol take tafiya, ko da yake kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinta yana dawowa a matsayin dusa ta abincin dabbobi.

Motoci masu cin mai biyu ma akwai su a Amurka, sun haura miliyan 20, kuma can aka fara ƙera su kafin Barazil. Sai dai kamfanoni sun yi su ne saboda wata doka ta 1988 da ta yi musu sassauci a ƙa'idar tsimin mai in sun ƙera irinsu, ba don masu saye sun nema ba. Gidajen man da ke sayar da gaurayen mai yawan itanol, wanda ake kira E85, 'yan dubbai ne a cikin gidajen mai fiye da dubu ɗari. Da yawa daga masu motocin ba su taɓa zuba shi ba. Itanol ɗin Amurka kusan duka yana shiga ne a matsayin kashi 10 cikin ɗari na fetur ɗin kowa. Direba ba ya zaɓar komai, doka da lissafin matatun mai ne ke zaɓa.

Sakamakon ya fara bayyana a Meziko. Masarar da ke kan kimanin dala 2 a kan bushel, wato awon da ya kai kilo 25, ta kusa ninkawa a ƙarshen 2006. A Janairun 2007 dubban mutane suka fito titunan birnin Meziko saboda tsadar tortila, wainar masarar da talaka ke ci safe da dare, har shugaba Felipe Calderon ya ƙulla yarjejeniya da 'yan kasuwa a tsayar da kilo a kan peso 8.5. Zuwa tsakiyar 2008 masara ta wuce dala 7, gangar mai ta kai dala 147 a Yuli. An yi tarzomar tsadar rayuwa a Duwala ta Kamaru da Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso a Fabrairun shekarar, a Haiti kuma firaminista ya rasa kujerarsa a Afrilu. Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin samun abinci, ya kira mayar da gonakin abinci na mai laifi ga bil'adama. Wani masanin Bankin Duniya, Donald Mitchell, ya ɗora wa man tsirrai, irin su itanol, da abubuwan da suka biyo bayansa kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na tashin farashin, gwamnatin Amurka kuwa ta ce bai wuce kashi 3 ba. Duka biyun sun yi nisa da gaskiya. Shinkafa ta ninka kusan sau uku a lokacin alhali ba a yin mai da ita, hana fitarwa da Indiya da Biyetnam suka yi ne ya tunzura ta. Fari a Ostireliya ya taɓa alkama, tsadar mai ta ɗaga kuɗin taki da na sufuri. Amma game da masara da man girki, ba mai iya wanke itanol da bayodizal, wato man gas da ake yi daga irin su manja.

Shekarar 2012 ce ta nuna illar dokar da ba ta lanƙwasa. Fari mafi muni cikin rabin ƙarni ya faɗa wa gonakin masarar Amurka, farashi ya haura dala 8 a watan Agusta. Masu kiwon kaji da shanu da gwamnonin jihohi da dama suka roƙi a dakatar da dokar gauraye. Shugaban Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Jose Graziano da Silva, wanda shi kansa ɗan Barazil ne, ya yi irin wannan kira. A Nuwamba hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙi. Hujjarta ita ce ko an ɗage dokar kamfanonin mai za su ci gaba da gauraya itanol domin yana ƙara wa fetur inganci da arha, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ma'anar hakan ita ce a shekarar yunwa tankin mota ne ke fara ɗiba, mai kiwo da ƙasashen da ke sayen masara su raba abin da ya rage. A Barazil, in rake ya yi ƙaranci itanol yana tsada, direbobi su koma fetur da kansu, rake ya samu sarari. Wannan ya sa nake ganin motar da ke ba direba zaɓi na gaske ta fi tausayin mai cin abinci a kan adadin da aka rubuta a doka.

Sai dai zaɓin direba ma yana hannun mai yanka farashin fetur. Daga 2011 zuwa 2014 gwamnatin Dilma Rousseff ta hana Petrobras ƙara kuɗin fetur daidai da na kasuwar duniya don ta danne hauhawar farashi, a 2012 ta kuma sauke harajin tarayya na musamman da ke kan fetur zuwa sifili. Rufin itanol ya sauko ƙasa da kuɗin da ake kashewa wajen yin sa. Masana'antun da suka ci bashi a lokacin annashuwar 2007, lokacin da Bush da shugaban Barazil Lula suka ƙulla yarjejeniyar itanol a Sao Paulo, suka kasa biya. Gommai suka rufe, garuruwan da rake ke riƙe da su suka rasa aiki. A 2011 Barazil har itanol ta shigo da shi daga Amurka. Ba wanda ya yi niyyar karya manoman rake, tallafin da aka yi wa fetur ne ya bi ta tankin mota ya same su a gona. Haka ta sake faruwa a tsakiyar 2022, lokacin da aka rage harajin jihohi a kan fetur ana gab da zaɓe. Annobar korona kuwa ta nuna abin a sarari: da mai ya rushe a Afrilun 2020 mutane suka zauna a gida, masana'antu suka ɗaga rabon sukari daga kimanin kashi 35 zuwa 46 cikin ɗari a kaka ɗaya.

Wasu ƙasashe sun shigo layi, kowace da amfanin gonarta. Indunusiya, wadda ta fi kowa samar da manja, ta wajabta kashi 30 cikin ɗari na bayodizal a man gas a 2020, ta kai 40 a 2025, a Afrilun 2022 kuma sai da ta hana fitar da manja na 'yan makonni saboda man girki ya gagari 'yan ƙasa. Indiya ta kai gaurayen kashi 20 cikin ɗari a 2025. A kan hanyar zuwa nan ta taƙaita fitar da sukari, abin da ya taimaka wajen kai shi kusan santi 28 a Nuwamban 2023, ta kuma koma mai shigo da masara a 2024, masu kiwon kajinta suna kuka da tsadar abincin kaji. Najeriya ta rubuta tata manufar man tsirrai a 2007, da niyyar gauraya kashi 10 cikin ɗari daga rake da rogo, amma ba ta kai ga famfon gidan mai ba. Rabonmu a wannan ciniki har yanzu na mai saye ne, wanda farashin sukari da manja ke iske shi an riga an yanka.

A Barazil kanta rake ya samu kishiya. A 2017 aka buɗe matatar farko mai aiki da masara zalla a Lucas do Rio Verde ta jihar Mato Grosso, inda ake shuka masara bayan an girbe waken suya, kuma a da nisan tashar jiragen ruwa kan sa ta yi kwantai. Zuwa 2024 kusan kashi ɗaya cikin biyar na itanol ɗin ƙasar daga masara yake fitowa, kuma ita ana iya ajiye ta a tace duk shekara, ba kamar rake ba da dole a matse shi da zarar an sare. Daga 1 ga Agustan 2025 gwamnati ta ɗaga gaurayen dole daga kashi 27 zuwa 30 cikin ɗari. Barazil tana cikin manyan masu fitar da masara a duniya, don haka lissafin da direban Sao Paulo ke yi a gaban famfo yanzu ya fara taɓa kuɗin masarar da ƙasashe irin su Masar da Iran ke saye daga can don abincin kaji.